Turare a Gaban Hotona

Na ga saƙonninku. "Diem, ya shirin biki?" "Diem, ja za ki saka ko ruwan hoda?" Wata ma cewa ta yi in turo mata hoton rigar kafin kowa ya gani, sai ka ce ita ta haife ni. To ku yi haƙuri, yau babu zancen riga. Ina rubuta wannan ne gashina yana warin turaren tsinke, na wanke na sake wankewa ya ƙi fita. Wanda ya zo neman dariya ya dawo wata rana.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Diem, shekarata ashirin da huɗu. Ni da Mamata muke zaune a wani lungu a Binh Thanh, cikin Saigon. Ita tana sayar da romon taliya a bakin lungun, ni ina karɓar baƙi a wani asibitin haƙori. Wanda zan aura sunansa Khang, mai gyaran lifta ne a dogayen gine-gine. Mutum ne mai sanyi, ko sauro ya cije shi sai ya ba shi haƙuri. Shi ne jikan fari namiji a gidansu da ke Go Cong, can bakin kogi, kun kuwa san nauyin da ke kan jikan fari.

Mahaifiyarsa, Goggo Tham, ba ta taɓa sona ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ranar da ya fara kai ni, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan ai sandar rake ce. A ina za ta ajiye ɗa?" Da ita kaɗai ce a gidan, da tun a ranar an gama da ni.

Kakarsa ce ta tsaya min. Tsohuwar ta kama wuyan hannuna ta ƙi saki, tana kallona idonta na ruwa, ta ce, "Auta." Daga baya Khang ya ba ni labari. Kaka tana da 'yar auta mai suna Suong, jirgin ruwa ya kife da ita tana budurwa, tun kafin a auro Goggo Tham. Hotonta guda ɗaya tal, shi ma ambaliya ta tafi da shi. Shi ya sa a kan teburin kakanni na gidan kowane mamaci yana da hotonsa, ita kuwa sai ɗan katako da aka rubuta sunanta. Wai wuyana da goshina irin nata ne. Kaka ta faɗa a gaban kowa: "Yarinyar nan za ta shigo gidan nan ina raye." Goggo Tham ta haɗiye maganarta.

To yanzu Kaka ta kwanta. Likitoci sun ce a mayar da ita gida, ta ci abin da take so. Idan ta rasu kafin a yi biki, gida ya shiga makoki, babu aure sai shekara ta zagayo. Ni kuma na san Goggo Tham: a ba ta shekara guda babu Kaka, ko sunana ba za a sake ji a gidan ba. Don haka aka jawo bikin aka matso da shi, ana tsere da numfashin tsohuwa. Abin da ya rage min ke nan, in shiga gidan kafin ta fita.

Mama kuwa ta sa ni gaba da horo. Kullum in ta tashi daga sana'a sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta zauna a kan kujera tana riƙe da mafici.

"Sake. Haɗa hannu a goshi. Durƙusa. Kai goshi ƙasa. Tashi. Ke wai bayan naki katako ne?"

"Mama, gwiwata fa."

"Gwiwarki ta ci gidansu. Buɗe kunnenki da kyau. Mai rai sau biyu ake yi masa. Uwar mijinki biyu, kakarsa biyu. Huɗu na matattu ne, na gaban teburi. Kika ruɗe kika yi wa Tham huɗu a gaban jama'a, ta ce fatan mutuwa kike mata, ni babu ruwana."

"In na yi mata uku fa? Kowa ya samu rabi."

"Uku na Buddha ne, 'yar nema. Tham kuwa ko a mafarki."

Muka yi dariya har ta sauke maficin. Ku riƙe wannan dariyar, don irinta ba ta da yawa a labarin yau.

Akwai abin da Mama ba ta sani ba. Tun ina makaranta nake son tallan sutura. Wannan tsawon da ake min gori da shi, da wuyan nan, ina so ko sau ɗaya su yi min rana. Sai ga wani ƙaramin gidan ɗinki yana neman fuska, masu ɗinka kayan gotik: baƙin leshi, doguwar riga har ƙasa, fuska fari fat, kwalliyar da in ka gani sai ka tuna makabarta. Suka ce in kawo kundin hotuna a irin salon nasu. Na san in na shiga gidan su Khang an rufe wannan ƙofar, don haka na ce bari in yi ko sau ɗaya kafin in zama matar mutane.

Khang ya sani. Na tura masa saƙo na tambaye shi, ga abin da ya ce:

"Ki yi abinki ƙanwata. Amma kada Mamata ta gani. Ita ko kaza ta gani da baƙin gashi yanka ta take yi."

"Kai fa, ba za ka ji tsorona ba?"

"Ai tun yanzu tsoron naki nake ji."

Matsalar ita ce yadda zan sulale daga idon Mama a irin wannan lokaci. Sai Goggo Tham da kanta ta buɗe min hanya. Ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

"Na ba Khang tsohon hoton Kaka. Ki kai a faɗaɗa shi, a sa a firem, na teburi. Tana son ta gani da idonta kafin lokaci. Tunda sauri kike ki zama surukar gida, fara da wannan."

Na ce to. A raina kuwa murna nake, don na san inda zan kai. Ƙawata Truc tana da ɗakin ɗaukar hoto a saman shagon babanta. Shi tsohon, Baba Sau, aikinsa tun kafin a haife mu hoton fasfo da hoton teburin matattu. Ita kuma a sama tana ɗaukar 'yan tallan kaya da mawaƙa. Fita ɗaya za ta ishe ni.

Na shiga shagon yadda kowace mace ke sauka daga babur a garin nan: hular kwano, takunkumi har ƙarƙashin ido, rigar kare rana mai dogon hannu. Na miƙa wa Baba Sau hoton Kaka, ya juya bayan hoton ya rubuta sunana, ya ce in dawo Asabar. Ko fuskata bai gani ba. Na haye sama.

Ɗakin Truc babu taga. Labule ruwan toka a bango, fitila ɗaya a gefe an kafa mata farar lema, wayoyi a ƙasa kamar taliya, ga kyandirori a jere a kan wani tsohon akwati. Ita tana tsaye da guntun wando da askakken kai, tana shan kofi mai ƙanƙara.

"Amarya ta iso. Cire wannan shirgin, kin yi kama da ɗan fashi."

Ta zura min rigar. Baƙin leshi ne mai dogon wuya har ƙarƙashin haɓa, ƙananan maɓallai tun daga ƙeya har ƙugu, ta ja igiyar baya sai da na ga taurari.

"Truc, numfashi!"

"Ki yi numfashi gobe."

Ta shafe min fuska da farar hoda har kunne, ta zizara kwalli ta murje shi ya sauko ƙasan ido kamar na kwana ina kuka, ta sa min baƙin janbaki. Ta tsaga min gashi a tsakiya ta kwantar da shi. Sannan ta jawo wani bokiti daga bayan labule, cike da farin furen nan da ake sayarwa a ƙofar haikali.

Na ja da baya. "Ke, wannan furen makabarta ne fa."

"To da na biki kike so in ba ki? Gotik ake ce masa, 'yar ƙauye. Riƙe."

"Ana gobe-gobe aurena, in rungumi furen gawa?"

"Fure ne, ba ya cizo. In kin fasa ki faɗa min in kashe fitila, wuta tsada take."

Na riƙe.

Ta kunna injin hayaƙi, ta kunna kyandir, ta fara ba da umarni kamar soja. Sauke kafaɗa. Ɗaga haɓa, ba haka ba, kin zama zakara. Juya wa fitila rabin fuska. Kada ki yi murmushi, ba tallan man goge baki kike ba. Na zauna a kan akwati, na kwanta a ƙasa leshin ya bazu, na tsaya da baƙin mayafi a fuska ina tari saboda hayaƙi. Zufa tana bin bayana, ita tana zagina tana ɗauka.

Can ta sauke kyamarar ta tsaya tana kallona. Ta zo ta yaye mayafin, ta kashe hayaƙin, ta gyara furen a ƙirjina.

"Yanzu ki kalle ni kai tsaye. Kamar wadda ta riga ta tafi, aka kira sunanta ta waiwayo."

Ban san daga ina kallon ya zo ba. Na tuna Babana da ya fita da safe bai dawo ba, na kalli gilashin kyamarar. Ta danna sau ɗaya ta ce, "Shi ke nan."

Ta juyo min da shi a allon kwamfuta, ta cire launi ya koma baƙi da fari. Daga ƙirji zuwa sama, ido biyu a buɗe. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, tunda nake ban taɓa ganin kaina na so kaina irin na ranar ba. Babu sandar rake a wurin. Mace ce sosai. Har ƙwalla ta zo min.

"Kada ki ɓata min kwalli," in ji Truc. "Wannan shi ne bangon kundinki. Zan buga ɗaya a injin Baba in ga yadda baƙin zai fito a takarda. Sauran zan turo miki ta waya."

Na wanke fuska da kyau har bayan kunne, na mayar da takunkumina na koma gida kamar wadda ta je aike.

Ranar Asabar da safe Khang ya zo da babur, za mu kai hoton Kaka Go Cong, a can kuma za a gwada min rigar biki. Ya tsaya a bakin titi saboda babu wurin ajiye mashin, na shiga da gudu, hular kwano da takunkumi a fuskata. Truc ba ta nan, ta fita aiki. Baba Sau ya ɗauko kwali an ɗaure shi tam da igiya, ya miƙo min da hannu biyu, har da ɗan sunkuyawa.

"Sannu 'yata. Gidanku ya ga jarrabawa."

"Na gode Baba."

"Na yi ɗan gyara, kada ku ji haushi. Na sa ta fito yadda uwa za ta so ta tuna ta."

Na ce a raina, tsufa ke nan, wace uwa ce za ta tuna da Kaka? Khang yana ta danna oda a waje. Na ji kwalin da nauyi, na ce gilashi ne. Na rungume shi na fita.

A hanya ruwa ya tsuge. Muka lulluɓa da leda ɗaya, kwalin yana tsakanin ƙirjina da bayansa, ina kare shi kamar jariri. Wayata tana ta rawa a cikin jaka, ta tsaya, ta sake. Hannuna biyu suna kan kwali, na ƙyale ta.

Mun samu gidan a cike. An fara kafa rumfa a tsakar gida, jajayen takardun biki an liƙa a ƙofa, mata suna wanke manyan tukwane a bakin randa, ƙamshin kifi a tukunyar ƙasa ya cika ko'ina. An fito da gadon Kaka babban ɗaki, kusa da teburin kakanni, don ta riƙa ganin masu shiga da fita. Ta rame sosai, hannunta kamar busasshen reshe. Da ta gan ni ta ɗaga yatsu.

"Auta ta zo. Kin jiƙe?"

"Kaɗan ne, Kaka."

Na durƙusa kusa da ita ta shafa min kai. A duk gidan nan wurin da nake jin ni mutum ce ke nan, ƙarƙashin wannan hannun.

Dangi suka taru a ga hoto. Goggo Tham ta sa almakashi ta yanke igiyar, ta zaro firem na baƙin katako, ta ɗaga wa Kaka. Tsohuwar ta sa tabarau ta duba ta duba.

"Maƙaryata. Sun goge min tamojin fuska. Kakanku in ya gan ni a can ba zai gane ni ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, na ji na ci jarrabawa ta farko. Sai Goggo Tham ta sake leƙa kwalin.

"Akwai wani a ƙasa."

Ta zaro shi. Firem iri ɗaya, baƙin katako, girma ɗaya.

Ni ce.

Amma ba yadda Truc ta ɗauke ni ba. Tsohon ya goge baƙin janbakin ya mayar da leɓen ruwan toka, ya share kwallin da ya zubo, ya tausasa hasken. Abin da ya rage budurwa ce mai tsagaggen gashi, da baƙar riga mai dogon wuya, da farin fure a ƙirji, tana kallon mutane daga nesa. Sak hoton da aka ɗauka shekaru aru-aru. Sak irin waɗanda ke jere a kan teburin da ke bayanmu.

Wata goggo ta rufe baki da hannu. Na kalli Khang, fuskarsa ta koma kamar takarda. Goggo Tham ta kalli hoton, ta kalle ni, ta fara juya shi don ta kife.

"Kawo nan," in ji Kaka.

"Mama, kuskure ne, na wasu ne aka haɗa..." in ji Goggo Tham.

"Na ce ki kawo."

Ta karɓa da hannu biyu, firem ɗin yana kaɗawa. Ta matso da shi har gilashin ya kusa taɓa hancinta. Sai ta yi wani sauti da ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba, ba kuka ba, ba dariya ba.

"Suong. Wayyo Suong, Autata. A ina kuka samo ta? Ban faɗa muku ba? Ban ce muku ruwa bai tafi da duka ba?"

Khang ya matso. "Kaka, wannan ai..."

"Rufe min baki," in ji Goggo Tham, ƙasa-ƙasa.

Kaka ta kwantar da hoton a ƙirjinta ta rungume, hawaye suna gangarawa cikin kunnenta, tana yi masa magana kamar yaro: kin daɗe, kin ji sanyi, ga ni nan zuwa. Sai na ji yatsu sun damƙe min dantse. Goggo Tham ta ja ni har kicin, ta kori matan da ke ciki, ta tura ƙofa.

Kafin ta yi magana na zaro wayata. Saƙonnin Truc ne a jere:

"Diem ɗauki waya."

"Na bar hotonki a teburin Baba da sunanki a baya. Ya ga suna ɗaya da na bayan hoton tsohuwar, ya ɗauka mutum biyu aka yi muku rashi."

"KADA KI BUƊE KWALIN A GABAN KOWA."

Na ajiye wayar a kan murhu. Na jira ihu, na jira mari. Babu ko ɗaya. Goggo Tham ta jingina da bango ta harɗe hannu, muryarta a kwance.

"Ana shirin kawo ki gidan mutane, tsohuwa tana kan gargara, ke kuma kika je kika yi kwalliyar gawa kika rungumi furen makabarta."

"Aiki ne, Goggo. Tallan kaya ne, ba wani abu ba."

"Ban tambaye ki ba."

"Zan je in faɗa wa Kaka ni ce. Za ta gane, ai tana sona."

"Je ki mana, ga ƙofa. Tun kafin a haife ki take kukan fuskar nan. Je ki ɓamɓare ta daga ƙirjinta, ki ce mata wasan 'yan birni ne. In numfashinta ya tsaya a hannunki, ke za ki kalli Khang ki yi masa bayani."

Ban je ba. Na ce, "To in ta ce a ɗora shi a teburi fa?"

"Za ta ce."

"Goggo, ina raye fa. Ba a ɗora mai rai."

"Ni kike koya wa?" Ta gyara ɗan kunnenta. "Kin san sauran. Wadda aka kunna wa turare a gidan nan ta zama 'yar gida, amma ba ta ɗakin amarya ba. Babu dangin da zai zauna a bikin da hoton amarya yake jere da matattu."

A nan na lura da abin da ya fi komai ƙona min rai. Matar nan ba fushi take ba. Sauƙi ta samu. Abin da ta kasa yi da bakinta, ni na ɗauko mata shi tun daga Saigon, a rungume, ina kare shi daga ruwan sama.

Khang ya turo ƙofa ya shigo. Bai iya kallon ɗayanmu ba.

"Kaka tana kira. Ta ce a ɗora, in kunna turare in gaishe da... in gaishe ta."

"Yaya Khang, kalle ni."

Ya ɗago.

"Ka ce mata a'a."

"Diem, ba ki ga fuskarta ba? Tunda na yi wayo ban taɓa ganinta haka ba. Kwana kaɗan ne. Daga baya sai mu sauke shi, shi ke nan. Ni ban yarda da waɗannan camfe-camfen ba."

"Kai ba ka yarda ba," in ji Goggo Tham. "Dangi sun yarda."

Na kama rigarsa, har yanzu a jiƙe take da ruwan hanya. Kunya ta bar ni, na yi magana a gaban uwarsa.

"To ji. In dole ne sai ka durƙusa, ka yi biyu. Biyu kawai, na masu rai. Kowa a ɗakin zai ƙirga, kowa zai san abin da kake nufi. Kaka ba ta gani sosai, ba za ta lura ba. Ka yi min wannan, in ya so a bar hoton. Na roƙe ka."

Ya dafa hannuna. Hannunsa sanyi ƙalau.

"Biyu. Na yi miki alkawari."

Goggo Tham ta buɗe ƙofa ta wuce gaba.

An tayar da Kaka zaune, an jera mata matasai. Idonta ya buɗe tar, kumatunta har da ɗan ja, kamar wadda aka ƙara wa kwana. Da kanta take ba da umarni: a matsar da ɗan katakon sunan, a goge wurin, a kawo ayaba da ruwan shayi, a sa ta kusa da babanta. Wani kawu ya ɗora hoton, bai yarda ya haɗa ido da ni ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon fuskata tsakanin wani tsoho mai gemu da wata mata da ta mutu tun zamanin yaƙi. Abin haushin, wurin ya dace da hoton.

Na matsa kusa da gadon, ko za ta kira ni kamar kullum. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta taɓa Goggo Tham.

"Wannan baƙuwar fa? Ku ba ta ruwa mana."

Ashe ni aro ce. An dawo mata da nata, ta mayar da ni.

"Khang," ta ce, "zo ka gaida goggonka. Ba ka taɓa ganinta ba."

Ya kunna turaren a jikin fitilar teburi, ya ɗaga shi a goshi, ya kafa a cikin toka. Hayaƙin ya miƙe ya bi ta kan gilashin, ta kan idona. Ya ja baya ya tsaya a kan tabarma. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga rumfar biki.

Ya haɗa hannu, ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa. Ɗaya.

Ya tashi, ya sake. Biyu.

Ya miƙe tsaye ya sauke hannunsa. Ya tsaya. Na ce a raina, ka cika namiji, Yaya Khang, ko yanzu na mutu ka biya ni. Dangi suka fara kallon juna.

Ashe leɓen Kaka yana motsi tun ɗazu. Ƙirgawa take.

"Khang." Muryarta ta karye. "Biyu? Ita ma ba za a cika mata ba? Ruwa ya hana ta kabari mai kyau, kai kuma za ka hana ta gaisuwa?"

Bai motsa ba. Ina ganin jijiyar wuyansa tana bugawa. Na zuba masa ido ina roƙo a zuci, waiwayo, waiwayo ka gan ni, ga ni nan tsaye da ƙafata. Kaka ta fara tari, Goggo Tham ta riƙe ta tana shafa mata baya, ta ce a hankali, "Ɗana, kakarka tana jira."

Bai waiwayo ba. Ya haɗa hannu.

Uku.

Huɗu.

Goshinsa ya daɗe a ƙasa a na huɗun, kafaɗarsa tana rawa. Kaka ta koma kan matashi tana murmushi, ta ce, "Yawwa. Yanzu ta iso gida."

Na juya zan fita, ban ma san ina zan nufa ba, takalmina ma ban tuna inda na cire shi ba. Sai Kaka ta sake magana.

"Baƙuwar ma ta gaishe ta. Duk wanda ya shigo gidan nan yau ya gaishe da Autata."

Goggo Tham ta je teburin da kanta. Ta zaro tsinken turare, ta kunna, ta kaɗa shi har wutar ta mutu ya bar jan kai. Ta tako har inda nake, a gaban dangi, a gaban Khang da har yanzu yake durƙushe. Tunda na san ta, ranar ce ta fara miƙo min abu da hannu biyu.

"Karɓi, 'yata," ta ce. "Saura ke."